Mutumin Kirki da Namiji: Sharhi a Kan Littafin da A Ke Karantarwa

A 1974 Jami'ar Indiyana ta Amurka ta buga laccar A. H. M. Kirk-Greene mai suna Mutumin Kirkii. A ciki ya lissafa halaye 10 da Bahaushe ya ke auna nagarta da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Lalle aiki ne mai kyau. Amma malamin da ya ɗauke shi don ya koya wa ɗalibai matsayin maza a cikin al'umma, ya ɗora masa kayan da ba nasa ba.

Matsalar ta harshe ce. A Turanci kalma guda ta kan ɗauki ma'anar ɗan Adam da ta namiji. Hausa kuwa ta raba su. Mutum daban, namiji daban, kuma ba ko ɗaya daga cikin halayen nan 10 da ba a nema wurin mutuniyar kirki. Kunya ma an fi tsananta ta ga mata. Mazantaka wata aba ce dabam, watau ƙarfin zuciya da juriya, har a kan ce mace ta yi namijin ƙoƙari ba wanda zai ga kuskure a maganar.

To, ina za a nemi mazantakar? R. W. Connell ta nuna a littafinta na 1995 cewa mazantaka iri-iri ce, wata bisa wata. Ra'ayin ya yi daidai da mu, sai dai misalanta na Ostareliya ne. Ɗalibin da ya taso a Tsibiri ko Bakura yana da nasa. Ya san waƙar Ɗan Anace ta Shago, inda a ke kambama ɗan dambe har sama. Ya kuma san dambe wasan mahauta ne tun asali, su kuwa M. G. Smith ya nuna a 1959 cewa a ƙasan jerin daraja a ke sa su. Ashe wanda ya fi kowa mazantaka a fage, mai yiwuwa ne a hana shi auren 'yar malam. Wannan saɓani ya isa darasin mako guda, ga shi kuwa laccar Kirk-Greene ba ta da wurin ajiye shi.

Sa'an nan ga maigida, wanda girmansa ya rataya a kan gandu da ciyar da iyali. Da aka gama dam ɗin Bakolori a 1978 ruwa ya ci gonaki da gidaje, a Afrilun 1980 kuma 'yan sanda suka buɗe wa manoma masu neman diyya wuta. Mene ne ya rage wa maigidan da ba shi da gona? Wa ɗansa zai yi koyi da shi? Ba na cewa daga nan ta'addancin dajin Maradun ya samo asali. Dalilansa suna da yawa. Amma saurayin da ya ɗauki bindiga, ko ɗan fashin daji ne ko ɗan sa-kai, da kirarin maza a ke zuga shi, ɗalibanmu kuwa wannan kirari suka taso suna ji.

Saboda haka a ci gaba da karanta Mutumin Kirkii a darasin ɗabi'u. A darasin maza kuwa, a fara da aika kowane ɗalibi garinsu ya rubuto wa a ke kira namiji a can, wa ya ke kiransa haka, kuma a gaban wa.