Daga Ó Pronntaigh zuwa Brontë: nazarin littafin William Wright

Sunan Brontë ya shahara a adabin Ingila saboda Charlotte da Emily da Anne, ƴaƴan limamin coci Patrick Brontë, amma tushensa a tsibirin Irland yake. An haifi Patrick a shekara ta 1777 a gundumar Down, cikin gidan talakawa manoma da ake kira Brunty ko Prunty. Masana sunaye suna danganta wannan suna da Ó Pronntaigh na harshen Gelik, wato jikan mai kyauta. Tun ƙarni na 17 mulkin Ingila ya sa mutanen tsibirin da dama suka jefar da Ó da Mac daga sunayensu, malaman rajista kuma suka riƙa rubuta abin da kunnensu ya ji. Da Patrick ya shiga jami'ar Kambirij a 1802, sai ya sake fasalin sunan, wataƙila domin koyi da Nelson, wanda aka naɗa sarautar Bronte ta Sisiliya a 1799.

William Wright ne ya bi sawun wannan zuri'a cikin The Brontës in Ireland (1893). Alherin littafin a bayyane yake: marubucin ɗan yankin ne, ya saurari dattawa, ya kuma tuna wa Ingilawa cewa marubutan da suke taƙama da su jikokin ƙauyawan Irland ne. Sai dai ya kasa rarrabe tsaba da tsakuwa. Ya karɓi labarin wani yaro baƙo da aka tsinta cikin jirgin ruwa daga Liverpool, ya mai da shi asalin Heathcliff na Wuthering Heights (1847), ba tare da wata takardar shaida ba. Tun a zamaninsa masu suka suka yi masa ca.

Laifin Wright bai zama laifin tarihin baka ba. A 1986 Edward Chitham ya koma kan batun, ya auna ruwayoyin da takardun da suka rage, ya nuna akwai abin tsinta a cikinsu. Malamin da ke tattara tarihin zuri'a daga bakin tsofaffi zai amfana da littattafan biyu: a ji ta bakin dattijo da girmamawa, sannan a bincika kafin a rubuta.