Marsiyya da Wasan Ban-Tausayi a Hannun Ɗaliban Jarwal

A jakar ɗalibin aji uku na sanawiyya a Jarwal, takardun da suka fi shan juyi su ne waɗanda ake kira tajmi'at, wato tambayoyin jarrabawar baya da ɗalibai ke harhaɗawa suna tura wa juna ta waya. Littafin adabi kuwa sau da yawa fes yake, sai ka ce jiya aka raba shi. Ba na ganin laifin yaron. A Saudiyya da lissafi ake shiga jami'a: makin sanawiyya, da makin Ƙudurat mai auna kaifin fahimtar harshe da lissafi, da makin Tahsili mai auna abin da aka karanta a aji. Ga mai neman fannin kimiyya, jami'o'i da dama kan ba na farko kashi 30 cikin ɗari, na biyu 30, na uku 40. Cibiyar Ƙiyas ce ke shirya jarrabawar biyu, kuma tambayoyin duka na zaɓar amsa ɗaya cikin huɗu ne. Ba a neman yaro ya rubuta ko shafi guda a kan rayuwarsa yadda jami'o'in Amurka ke yi, balle a tambaye shi ko ya taɓa tsara baiti.

Jikan Hausawa a wannan unguwa yana da ƙarin wani ƙulli. Jarwal tana arewa maso yamma da Harami, a nan rijiyar Zi Ɗuwa take, wurin da Annabi (SAW) ya kwana kafin ya shiga Makka. Tun da daɗewa mutanen Afirka ta Yamma suka zauna a nan da Misfala da Hindawiyya da Shara Mansur, kuma sun ƙaru bayan da Turawa suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi a 1903, jama'a suka yi ta kwararowa gabas. Jikokinsu ne ke amsa sunan Hausawi da Fallata da Barnawi. Wasu gidajen sun samu takardar zama 'yan ƙasa tun zamanin kakanni, wasu har yau da igama, wato takardar izinin zama, suke zaune. Sai ka ga ɗan wa da ɗan ƙani a benci ɗaya, makinsu ɗaya, amma ɗaya zai nemi Jami'ar Ummul Ƙura kai tsaye, ɗayan sai ya jira gurbin minha da ake ware wa baƙi mazauna ƙasar, wanda bai taka kara ya karya ba. Yaron da ya kai shekara goma sha takwas a irin wannan hali ya riga ya san cewa akwai abin da ƙoƙari ba ya sayowa. Shi ya sa nake ganin babin da ya fi dacewa da shi a littafin da ba ya buɗewa shi ne babin marsiyya.

A darasin adabin Larabci ana karkasa waƙa bisa manufarta: yabo, zambo, bege, alfahari, marsiyya. Duk inda aka zo kan marsiyya, Khansa ce a gaba, 'yar ƙabilar Sulaim wadda ta ga jahiliyya ta ga Musulunci. An kashe ɗan'uwanta Mu'awiya, sannan ɗaya ɗan'uwan nata, Sakhar, ya samu rauni a yaƙi, ya daɗe yana jinya ya cika. Ta shafe shekaru tana masa waƙa, kuma tsarin nata ya zama ma'auni ga na baya: a fara da kiran ido ya zubar da hawaye, a jero halayen mamaci, kyautarsa lokacin fari, tsayuwarsa ranar da maza suka ja da baya, sannan a nemi dangana da cewa kowa ma ya yi rashi. Da Musulunci ya zo ya hana kururuwa da yaga tufafi, ya bar hawaye, sai marsiyya ta karkata ga haƙuri da addu'a. A wannan siffa ta iso ƙasar Hausa. Marsiyyar da Nana Asma'u ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello bayan rasuwarsa a 1837 ta wannan gida ce, kuma duk wanda ya taɓa zaman makoki a Kano ko Maraɗi ya san muryar ko da bai karanta ta ba.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta Abu Zu'aib, mutumin Huzail, ƙabilar da ke zaune a duwatsun da ke kewaye da Makka. Annoba ta ɗauke masa 'ya'ya maza biyar a shekara guda. Ya buɗe waƙar da tambayar da wata mace ta yi masa kan ramar da ya yi, ya ba ta amsa a taƙaice, daga nan bai ƙara ambaton 'ya'yan ba. Sai ya kawo jakin jeji mai ƙarfi da matansa, sun ci ciyawar damina sun ƙoshi, ruwa ya janye, suka gangara mashaya, ashe maharbi na laɓe. Ya kawo bijimin jeji da karnuka suka taso, ya juyo ya soke su da ƙaho, nasara na hannunsa kibiya ta same shi. Ya rufe da barade biyu cikin sulke, kowanne gwani, suka gwabza, kowa ya kashe ɗan'uwansa. Mai sauraro ya san ƙarshen kowane labari tun daga baitinsa na farko, amma mawaƙin yana jan sa a hankali, yana nuna masa lafiyar dabbar da kyawun gudunta, har ya fara sa rai za ta tsira. Uban da ya kasa duban kabarin 'ya'yansa kai tsaye ya sa mu kalli mutuwa sau uku a jikin wasu. A duk tsohuwar waƙar Larabawa ban san abin da ya kai wannan kusa da wasan ban-tausayi na Girkawa ba, kuma a bayan garin su yaron Jarwal ƙabilar mai ita take.

Duk da haka akwai inda marsiyya take tsayawa. Murya ɗaya ce ke magana a cikinta, mamaci kuma ba shi da aibi, domin mu da Larabawa duka tarbiyyarmu ita ce a ambaci alherin wanda ya rasu a yi shiru da sauran. Wannan ladabi ne mai kyau, ba na son a taɓa shi. Sai dai yana barin tambaya guda ba amsa: a cikin abin da ya faru, ina hannun mutane? Wasan ban-tausayi daga nan yake farawa. A Antigoni na Sofokilis, wanda aka nuna a Atina wajen shekara ta 441 kafin haihuwar Annabi Isa, nan ma 'yar'uwa ce a kan gawar ɗan'uwanta. Sarki Kiriyon ya hana a binne shi saboda ya kawo wa garinsu yaƙi. Ita ta ce haƙƙin gawa ya girmi dokar sarki, ta je ta zuba masa ƙasa. Sarki ya sa aka rufe ta a kogo, ta rataye kanta, ɗansa da zai aure ta ya bi ta, matarsa ta bi ɗanta. Abin da ke sa wasan ya yi nauyi shi ne Kiriyon ba mahaukaci ba ne. Yana da hujjar mai tsaron gari, ita tana da hujjar jini da addini, kuma mai kallo dole ya saurari kowa har ƙarshe kafin ya yanke. Khansa tana koya wa yaro yadda ake riƙe amanar wanda ya tafi. Antigoni kuwa tana tilasta masa ya auna doka da adalci a ranar da suka raba hanya, kuma ɗalibin da takarda ta raba shi da ɗan baffansa a ƙofar jami'a ba baƙo ba ne a wannan aunawa.

Na san abin da malami mai tsoron Allah zai ce, kuma maganarsa tana da tushe: waɗannan wasanni na masu bautar gumaka ne, a cikinsu alloli na ɗana wa mutum tarko tun kafin a haife shi, wannan kuwa ya saɓa wa imaninmu da ƙaddara da adalcin Ubangiji. Marubutan Musulmi sun riga sun yi wannan kokawa. Ɗaha Husaini ya mayar da wasannin Sofokilis Larabci a 1939. A 1949 Taufiƙ al-Hakim da Ali Ahmad Bakasir kowanne ya fitar da nasa Udib, wato labarin sarkin da ya kashe ubansa ya auri uwarsa bai sani ba, kuma dukansu sun cire tarkon daga hannun alloli sun mayar da shi makircin mutane. A wurin Bakasir babban bokan haikali ne ya ƙirƙiri duban, ya yi ta jan zare har ya tabbata. Ana iya cewa sun rage wa labarin firgicinsa, ni ma ina ganin haka a wasu wurare, amma sun nuna cewa Musulmi na iya riƙe imaninsa da ƙaddara ya kuma bi sawun laifi har ƙofar mai shi. Bakasir ɗin nan a Hijaz ya rubuta wasansa na farko, Humam, kafin ya wuce Masar a 1934, bayan ya karanta wasannin waƙa na Ahmad Shauƙi.

Makka ma ta taɓa yunƙurawa. Wajen 1960 Ahmad Siba'i, marubucin tarihin Makka kuma mai mujallar Ƙuraish, ya gina gidan wasa, ya tara matasa suna koyon fitowa, aka shirya wasa a kan buɗe Makka, sai aka hana tun kafin ranar farko. Yau iska ta juya, an kafa Ma'aikatar Al'adu a 2018, hukumar wasan kwaikwayo a 2020, aka kuma sa wa 2023 suna shekarar waƙar Larabci. Amma muddin lissafin shiga jami'a bai san da su ba, ɗalibin aji uku zai ci gaba da ajiye su sai bayan jarrabawa.

Akwai wasa biyu da nake jin ɗan Jarwal zai karanta da idon da ɗan wata unguwa ba shi da shi. Ɗaya Otelo na Shakespeare, wanda Khalil Muɗran ya fassara da sunan Uɗail a 1912: baƙin janar da birnin Banis ke buƙatar takobinsa amma yake ƙyashin ba shi 'ya. Ɗayan Antara na Shauƙi, a kan barden Banu Abs ɗan baiwa Bahabashiya, wanda sai da yaƙi ya matsa ubansa ya amsa shi. Antara ya ƙwaci matsayinsa da takobi da waƙa. Otelo ya samu matsayin, amma shakkar da aka dasa masa game da kansa ita hafsansa Iyago ya kama ya rusa shi da ita. Aji guda da zai ɗora waɗannan biyu gefe da gefe zai faɗi abubuwan da ba a saba faɗa da ƙarfi ba.

To me yaran suke rubutawa da kansu? Galibin abin da matashi ke tsarawa a wannan shekara gajeru ne: baitocin bankwana na bikin kammala makaranta, yabon uwa, kewar aboki, a salon rerawar da ake kira shela da na waƙar baka da ke yawo a waya. Ba na raina su, daga nan kowane mawaƙi yake farawa. Abin da ke damuna shi ne babban abin da ke gabansu ba su cika taɓa shi ba. Larabci yana da reshen marsiyya na musamman don garuruwa. Ibn Rumi ya yi wa Basra bayan an ƙone ta a 871, Abul Baƙa'i ar-Rundi ya yi wa biranen Andalus da suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Yaran nan kuwa sun tashi suna ganin katafila. An rushe Shamiyya daga 2008 don faɗaɗa Harami, Jabal Umar ya koma otal-otal, sabon titin da ake kira Masar ya ratsa tsofaffin unguwannin yamma, wani ɓangare na Jarwal ma ya tafi. Mahajjata na ƙaruwa, dole a yi musu wuri, wannan hujja ce ta gaskiya. Tsohuwar da aka ce ta kwashe daga lungun da ta haifi 'ya'yanta tara, inda mai tsire da mai koko suka san sunanta, ita ma tana da tata. Marsiyya za ta iya ajiye sunayen lungunan da suka ɓace, kuma wannan kaɗai aiki ne babba. Muryoyin nan biyu kuwa, da ba wadda ta yi ƙarya a cikinsu, sai wasa ne zai iya ɗaukarsu tare.

An fara share hanyar. Mahmud Tarawuri, marubucin Saudiyya mai tushen Afirka ta Yamma, ya rubuta labarin Maimuna a farkon shekarun 2000, a kan iyalin da suka taso daga yamma zuwa Hijaz da abin da suka tarar. Littafi ɗaya ba ya isar al'umma mai wannan yawa. Da Larabci yawancin yaran za su rubuta, shi ne harshen alƙalaminsu, Hausa ta gida ce da kasuwa. Amma wanda ya so gwada Hausar yana da sauƙin da ɗan boko a Zariya ba shi da shi, domin rubutacciyar waƙar Hausa a kan ma'aunan Larabci aka gina ta, irin su basiɗ da kamil da wafir, kuma da haruffan da ya sani tun yana allo aka fara rubuta ta.

Tsakanin gama jarrabawa da fitowar sunayen waɗanda jami'a ta ɗauka akwai makonni da ɗalibi ke zaune yana duba waya, zuciya a rataye. Malamin adabi ko wani babban yaya a unguwa zai iya tara su a zaure bayan Isha, a raba muryoyin Antigoni a fassarar Ɗaha Husaini a karanta a zaune, ba a buƙatar dandamali ko izinin kowa. Washegari a karanta Abu Zu'aib. Daga nan a tura kowa gida ya durƙusa gaban kakarsa ya ce, “Hajiya, ta ina kuka biyo?” Amsar za ta ambaci Maiduguri da Fort Lami da Abeshe da Fashir, da shekarun da aka yi ana noman auduga a Jazira don tara guzuri, da jirgin ruwan da aka hau daga Sawakin, da waɗanda aka binne a hanya ba a sake ganin kabarinsu ba. Waɗanda suka zo ta ƙasa kafin jirgin sama ya karɓe aikin hajji yawancinsu sun haura tamanin, kuma kaɗan ne daga cikinsu aka taɓa rubuta abin da suka gani.