Hasashen Yanayi Dalla-Dalla da Ruwan Gulbin Rima

Masana yanayi suna aiki da manhajar kwamfuta da ke yanka duniya gurbi-gurbi kamar na dara. A kowane gurbi takan lissafa zafi da iska da laima, sannan ta fitar da adadi ɗaya tak na ruwan da zai sauka. A yawancin manhajojin da ke duba duniya baki ɗaya, faɗin gurbi yakan kai kilomita 100 ko fiye. Da wannan awo, Wurno da Rabah da Goronyo za su iya faɗawa gurbi ɗaya ko biyu, a yanka musu ruwa iri ɗaya.

Manomin yankin kuwa ya san damina ba haka take ba. Hadari kan taso daga gabas da la'asar ko cikin dare, ya turo iska da ƙura a gabansa, ya zuba ruwa a wani tsiri na ƙasa, ya wuce yamma. Sai a wayi gari fadamar Wurno ta sha ta ƙoshi, alhali a wani tudu na Rabah gero yana naɗe ganye. Irin wannan hadari ne ke kawo mafi yawan ruwan Sahel. Manhaja mai manyan gurabe ba ta iya haɗa shi da kanta, sai dai ta yi kirdado, shi ya sa takan nuna yayyafi kusan kullum a wurin da ake samun mamakon ruwa yau, gobe kuma ya ɗauke na kwanaki.

Hukumar yanayi ta Birtaniya ta gina wata manhaja mai suna CP4-Africa, wadda gurbinta kilomita 4.5 ne, ƙanƙantar da ta isa hadari ya haɗu a cikin lissafi yadda yake haɗuwa a sama. Sakamakon da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa nan gaba ruwa mai ƙarfi zai ƙaru a Afirka ta Yamma, tsawon ɗaukewarsa a tsakiyar damina ma zai ƙaru, fiye da yadda manhaja mai gurbin kilomita 25 ta nuna. Tun a 2017 wani bincike na hotunan tauraron ɗan Adam ya gano cewa yawan aukuwar hadari mafi tsanani a Sahel ya ninka sau uku daga 1982.

Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984 don ta riƙe ruwa mita kubik miliyan 942, ta ga fuska biyun nan. A Satumban 2010 ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki a bakin Rima, har ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A 2018 kuma ruwan madatsar ya ja baya har masu noman rani da birnin Sakkwato suka shiga fargaba. Jimillar ruwan shekara ba ta isa mai kula da ƙofofin madatsa ba. Abin da zai gaya masa ya buɗe ko ya rufe shi ne yawan ruwan da ya sauka a kogunan Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi masu kawo wa madatsar ruwa, da kwanakin da ya sauka a cikinsu. Haka nan hoton tauraron Sentinel-2, mai tantance fili na mita 10, yana iya raba fegin albasa da na shinkafa, ya nuna inda ruwa ya kwanta.

Sai dai lissafi da ƙananan gurabe yana da tsada. Duk sa'ad da aka raba faɗin gurbi biyu, aikin kwamfuta yakan ninka kusan sau takwas, shi ya sa aka gudanar da CP4-Africa na shekara 10 kacal na yanzu da wasu 10 na ƙarshen ƙarni. Kuma ƙaramin gurbi ba ya zama hujja sai an gwada shi da awon ƙasa. Nijar ta riga mu a nan, domin tun 1990 ake da ma'aunan ruwan sama kusa-kusa a kewayen Yamai.

Ya kamata hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, da hukumar kula da kogunan Sakkwato da Rima da jami'ar su kafa ma'aunai a kowace gunduma ta ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo, a riƙa musayar awo da Maraɗi, sannan a isar da gargaɗi ta rediyo cikin Hausa kafin a buɗe ƙofofin Goronyo.