Kunnen mai haɗa sifika

A kan titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Bodinga ya nufi Shagari, gidan kallo ba baƙon abu ba ne: rumfar kwano ko ɗakin bulo, benci jere, talabijin biyu ko uku, janareta a bayan gida. Ranar da Barcelona za ta kara da Real Madrid, wurin cika yake maƙil. Idan na bencin ƙarshe yana jin mai sharhi tangaran, na gaba kuma bai toshe kunne ba, to aikin mutum ɗaya ne, wanda ake kira injiniya ko da a shagon gyaran rediyo ya koyi sana'ar. Ina ganin girman wannan mutum ƙwarai.

Kafin ya kwance waya, ɗakin yake fara saurara. Yakan tsaya a tsakiya ya tafa hannu, ya ji yadda amo ke dawowa. Kwano da siminti mayar da sauti suke yi, har magana ta riƙa hawa kan magana. Ginin ƙasa da rufin azara, irin wanda aka sani a Sifawa tun zamanin da Shehu Usmanu ya zauna can kafin ya koma Sakkwato a 1815, ya fi su shanye amo nesa ba kusa ba. Inda kwano ne, sai ya sa a rataya tabarmi a bangon baya. Jikin mutane da tufafinsu ma suna shan sauti, shi ya sa saitin da ya yi da rana a ɗaki fayau yake sake taɓa shi bayan 'yan kallo sun cika.

Lasifikar Ahuja da ake ɗaurawa a kan masallaci an yi ta ne don jefa murya nesa a fili. A cikin ɗaki tsaga kunne take yi, don haka ta akwati yake ɗauka. Yana da lissafinsa kuma: sifika biyu masu om 8 (ma'aunin turjiyarsu ga wutar lantarki) idan aka haɗa su a baki ɗaya sun koma 4, a ƙara biyu sun koma 2. Amfilifayar da ba a yi ta don haka ba, a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ƙonewa za ta yi ana tsakiyar wasa.

Wurin ajiyewa ne ya fi burge ni. Yakan ɗaga akwatunan sama da kawunan masu zama, kusa da allon, ya ɗan sunkuyar da su su fuskanci bencin tsakiya, don murya ta fito daga inda hoto yake. Wufa kuwa, wato sifikar kaurin murya, idan aka cusa ta a kusurwa rugugi take ƙarawa har ta danne magana, sai ya yi ta jan ta kaɗan-kaɗan yana zagaya ɗakin yana saurare. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, saboda haka a dogon zaure sifikar baya kan riga ta gaba isa kunnen na baya. Yakan rage mata ƙarfi ta zama mai tallafi kawai.

Sannan ga batir ɗin tocila a aljihunsa. Yakan taɓa shi a wayoyin kowace sifika ya ga ko fatarta ta turo waje ko ta shige ciki. Dole su tafi tare. In ɗaya ta saɓa, kaurin murya ya cinye kansa, mai gida ya yi ta ƙara murya a banza.

Da azumi, shi ɗin dai ake kira wurin tafsiri. Can kuma yakan ajiye makirufon malam a bayan layin sifikoki don kada su yi kuka, ya raba wayar wuta da ta sauti don gurnanin janareta kada ya shiga karatun alaramma.