Ɗigon ruwan nan naku duk uwa ɗaya uba ɗaya

Jama'a, a yi mini afuwa, yau da masu hoton ɗigon ruwa na tashi. Tun da damina ta kankama ba na buɗe waya in rufe ban ci karo da ɗigo ba. Wannan ya ɗora shi a kan ganye, wancan ya rataya shi a bakin allura, wani kuma ya yayyafa a bayan faifan CD ya haska tocila ya ce ya kamo bakan gizo. Da farko har da ni a masu tafi. Yanzu kuwa in aka rufe sunayenku aka jera mini hotuna ashirin, ba zan iya cewa ga na wane ba. Ruwa shuɗi, bango baƙi ƙirin, ɗigo ɗaya tak a tsakiya kamar an auna da tsinke, ga fure a cikinsa. Furen ma iri ɗaya ne, wanda kuka gani a bidiyon Baturen da ya koya muku.

Kada wani ya ce baƙin ciki ne. Ni ma na sha wannan wahalar. Na huda ledar fiya wata da allura, na ɗaure ta a jikin kujera, na tara tiren shayin gidanmu a ƙasa, na tsoma biro daidai inda ɗigon ke faɗowa don in saita idon kyamara, sannan na kashe fitila na zauna cikin duhu kamar mai jiran ɓarawo. Hotuna sun fi ɗari biyu a daren nan. Uku ne suka yi kama da abu. Uwargida ta leƙo ta tarar da tabarma ta jiƙe sharkaf, ta tsaya ta dube ni, ta dubi ledar, ta ce, "Malam, lafiya dai ko?" Ban da amsar da zan ba ta.

A wannan daren na fahimci abin da ke da daɗi a harkar. Saurin kyamara ba ya isa ya tsayar da ɗigo a iska, hasken filasha ne ke yin aikin. In ka rage ƙarfinsa sosai, walƙiyar da zai yi ba ta kai kashi ɗaya cikin 10,000 na daƙiƙa ba, kuma abin da wannan ɗan hasken ya tarar shi kaɗai ke shiga hoto. Sauran kuwa yatsanka ne da sa'arka. Ka danna da wuri ka sami ruwa kwance, ka makara ka sami kumfa. Can ba zato sai ka kamo wani abu karkatacce, gefe ɗaya ya tashi gefe ɗaya ya kwanta, abin da ba wanda ya taɓa gani kuma ba zai sake faruwa ba. To shi ne wanda kuke gogewa!

Wannan ne ke ƙona mini rai. Wanda ya fito da ɗan bambanci sai a share shi, a bar wanda ya yi kama da na kowa. Wanda aka bari ma ba a ƙyale shi ba, sai an kai shi kwamfuta an yi masa kaciya: a goge 'yan fantsamar da ke gefe, a daidaita hagu da dama, a ƙara shuɗi har ya koma kamar tallan ruwan gora. Na ga wani da ya yanke rabin hoton ya juya shi ya manna a ɗaya gefen don ya zo daidai. Ɗan'uwa, mun gane. Kumfa ɗaya ba ta fitowa sau biyu.

Masu kuɗin cikinmu kuma sun wuce nan, sun yi odar na'ura. Wata 'yar aba ce mai bawul, ka saita ta a waya, ta saki ɗigo na farko, ta jira 'yan ƙananan sassan daƙiƙa, ta saki na biyu ya yi karo da sandar ruwan da na farkon ya tayar, sai ka ga lema ta buɗe a iska, ita kuma ta kunna filasha da kanta. A zuba wa ruwan garin da zai sa shi kauri don lemar ta daɗe ba ta yage ba. Abin sha'awa ne, ban musa ba. Amma in ka danna sau hamsin ta ba ka lema hamsin, kowace ƙanwar wata, ni kam sai in rasa wa zan yaba, kai ko kamfanin da ya ƙera ta.

Abin dariyar shi ne an riga ku faɗawa wannan ramin fiye da shekara ɗari. Akwai wani malamin kimiyya a Ingila, Arthur Worthington, wanda ya kwashe kusan shekara ashirin yana nazarin yadda ɗigon zaiba da na madara ke fashewa. Yana zama a ɗaki mai duhu, tartsatsin lantarki ya haska ɗigon na ɗan ƙiftawar ido, shi kuma ya zana abin da ya gani da hannu. Zanensa tsaf-tsaf, kowane ƙaho daidai da ɗan'uwansa. A 1894 ya samu ya ɗauki abin a hoto, sai ga shi ba haka yake ba. Wani ƙahon dogo, wani gajere, wani ya karkace. Ashe duk shekarun nan idonsa ne ke gyara masa abin da yake so ya gani, waɗanda ba su zo daidai ba yana watsar da su a matsayin kuskure. Bawan Allah ya amsa laifinsa, kuma littafin da ya fitar a 1908 hotuna ya cika shi da su. Shi kyamara ce ta warkar da shi daga wannan ciwon. Ku kuma kuna riƙe da kyamarar da ta fi tasa nesa ba kusa ba, kuna komawa zanen hannunsa.

Har shahararren hoton nan na Harold Edgerton na jami'ar MIT a Amurka, ɗigon madarar da ya tashi kamar kambin sarauta a kan jan faranti, na 1957, wanda rabin masu wannan harka shi suke kwaikwayo ko sun sani ko ba su sani ba, ku ƙura masa ido da kyau. Ƙahonnin ba su zo daidai ba. Mutumin ya shekara da shekaru yana neman kambin da ba shi da aibi, madara ta ƙi ba shi, bai kuma ɗauko almakashi ya gyara ba.

Sai maganar abin da ake sawa a bayan ɗigon. Kowa ya san ɗigo ɗan ƙaramin gilashin ƙara girma ne, duk abin da ke bayansa yana haɗiye shi ya nuna shi kai a ƙasa, shi ya sa ake kifa hoton da za a ajiye a baya don ya fito a miƙe. Wato duniya gaba ɗaya za ta iya shiga cikinsa. Amma kullum fure. In ba fure ba, taswirar duniya. In ba ita ba, alawa mai launi-launi a ƙarƙashin gilashi. Atamfar da ke cikin akwatin gidanku ta yi muku laifi ne? Hular zanna fa, da faifan kaba mai rini, da kwanon samira? Ban ce dole sai kayan gargajiya ba, ko murfin kwalbar lemo ka sa na yarda, in dai kai ka zaɓe shi da kanka.

Kuma don Allah a rage gilisirin. Na san yana sa ɗigo ya tsaya ƙyam bai gangara ba. Amma wanda aka saya don kaushin hunturu an ƙarar da shi a kan ganyen roba, ana rubuta "raɓar asuba" a ƙasa. Raɓar da ta jeru kamar carbi, kowace ƙwaya girmanta ɗaya! Wanda ke son ya ga ruwa ya dunƙule da kansa ya je inda aka shuka gwaza bayan an ɗauke ruwan sama. Ganyenta ba ya jiƙa, ruwan sai dai ya yi ta mirginawa a kai kamar zaiba, manya da ƙanana, ba sirinji ba gilisirin.

Za a ce ai da kwaikwayo ake koyo. Haka ne, kuma wanda ya raba dare yana fama da leda da tocila ya fi wanda ya raba shi yana zagin mutane a waya. Na ba ku wannan. Sai dai wasunku damina ta uku ke nan suna koyon hoto ɗaya.

Jiya wani yaro da ke bibiyata ya turo mini nasa, yana ta ba da haƙuri wai bai yi kyau ba. Da waya ya ɗauka, da ɗan gilashin nan da ake maƙala mata. Ɗigo ne a bakin indararo, ya yi tsawo yana shirin faɗowa, gefensa ɗaya ya ɗan dushe, a cikinsa ga tsakar gidansu a kife, igiyar shanya a ƙasa, wata akuya tana tafiya a sama ƙafafu a sararin samaniya. Ya tambaye ni yadda zai goge akuyar. Na ce masa in ya taɓa akuyar nan ni da shi ne.