Yadda Gasa Ta Ƙera Karen Pointer

Aikin karen pointer ba kamu ba ne. Yakan zaga fili yana shaƙar iska, da zarar ya sansano tsuntsu a cikin ciyawa sai ya tsaya cak, hanci a miƙe, har maharbi ya iso. Wanda ya saba da karnukan farautarmu masu bin zomo a guje zai ɗauka ragwanci ne, alhali wannan haƙurin ne masu kiwonsa suka daɗe suna nema.

Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne sojojin Ingila ne suka zo da kakanninsa daga Sifaniya bayan yarjejeniyar Utrecht ta 1713. Karen Sifaniya yana da hanci, amma ga nauyin jiki ga nawa. Da bindiga ta inganta, maharba suka so mai sauri, sai aka haɗa shi da karnukan farautar yanyawa. Dash, sanannen karen Kanar Thornton, irin wannan gaurayen ne. William Arkwright, a littafinsa na 1902, ya yi tir da wannan haɗi, yana ganin an ɓata iri. A ganina ya makara, domin jinin ya riga ya shiga, kuma da wuya a raba shi da gudun da ake yabo a yau.

Gasa ce ta ƙarasa aikin. An yi ta farko a Southill ta Ingila a 1865, Amurka ta bi sahu a 1874 kusa da Memphis. Da aka kafa gasar zakarun Amurka a 1896, karnukan setter masu dogon gashi ne ke cin karensu ba babbaka. Sai a 1909 Manitoba Rap ya zama pointer na farko da ya lashe ta. Comanche Frank ya ci a 1914, 'yarsa Mary Montrose kuwa sau uku ta ɗauka: 1917, 1919 da 1920. Nan masu kiwo suka ga inda riba take, kowa ya koma neman barbarar zakara.

Abin lura shi ne irin jarrabawar. A gonar Ames da ke Tennessee, inda gasar ta zauna tun 1915, kare yakan yi awa uku yana neman salwa, masu shi da alƙalai na biye a kan dawakai. Pointer mai gajeren gashi ya fi jure zafi da ƙarangiya, ya fi saurin koyon aiki. Don haka aka yi ta zaɓen mai nisan zango da dogon numfashi, har aka samu karen da maharbi mai tafiya a ƙasa ba ya iya bi. Robert Wehle kuwa, wanda ya kafa zuriyar Elhew a 1936, ya yi suna ne da fitar da karnukan da ke aiki kusa da mai su.

Har wutsiya ba ta tsira ba. A Ingila ana son ta miƙe daidai da gadon baya, amma alƙalan Amurka sun fi son ta ɗage tsaye, kuma aka bi son ransu a kiwo, ko da yake ba ta ƙara wa hanci komai. Rinjayen pointer ya kai inda bayan 1970 setter bai sake cin gasar ba sai a 2013, lokacin da Shadow Oak Bo ya karɓe ta, ya kuma maimaita a 2014.