Hausar Ciniki a Kan Kwamfuta: Laifin Na'ura ko na Mai Bugawa?

1. Gabatarwa

Wannan sharhi ya shafi wani nau'in rubutu da ba kasafai muke kawo shi aji ba, wato Hausar da ake bugawa da kwamfuta domin harkar ciniki: rasit, jerin farashi, takardar bashi, tallan da ake liƙawa a ƙofar kanti, da saƙon da kamfani ke aika wa abokan cinikinsa ta wayar salula. A watan Maris na 2025 sabon kundin tafiyar da ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma suka zama harsunan aiki. Ke nan lokaci ya yi da za mu dubi yadda ake rubuta harshen a wurin da kuskure ke jawo asarar kuɗi. Ra'ayina shi ne, mafi yawan kurakuran da ake ɗora wa na'ura a yau na mai bugawa ne.

2. Haruffa masu ƙugiya

Babban aibin wannan rubutu shi ne zubar da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. A zamanin tafireta akwai uzuri, domin keken da aka ƙera don Faransanci ko Ingilishi ba shi da su, sai akawu ya ƙara ƙugiyar da alƙalami. Wannan uzuri ya kau. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba kowane ɗaya daga cikin haruffan lambarsa, kuma a kansa Word da Excel da wayoyin yanzu suke aiki. Akwai allon bugun Hausa a cikin Windows, akwai shi a Gboard. Abin da ya rage shi ne mutum ya kunna shi.

Ɗalibi ya dubi wannan jimla kamar yadda za a iya samunta a littafin kanti:

Yaron shago ya bata kudin.

Mai bugawa na iya nufin "ya ba ta kuɗin", wato an biya wata mata. Yana kuma iya nufin "ya ɓata kuɗin", wato an yi ɓarna. Kuskure biyu suka haɗu a nan, rashin ƙugiya da rashin raba kalma, kuma tsakanin ma'anonin biyu akwai mutuncin yaro da aikinsa. Haka abin yake ga kasa da ƙasa, saka da saƙa, baki da baƙi.

3. Rubutu da ƙa'idar Faransanci

Aibi na biyu ya fi yawa a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Mai bugawa ya yi karatu da Faransanci, allonsa na AZERTY ne, saboda haka yakan rubuta koudi maimakon kuɗi, chinkafa maimakon shinkafa, kassoua maimakon kasuwa. Wannan kuwa duk da cewa tun taron Bamako na 1966 ake aikin daidaita rubutun harsunanmu, kuma Nijar ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a hukumance a 1999.

Illar ta wuce ta kyan gani. Mutum yana gane cewa ƙwai da kwai da k'wai abu guda ne, kwamfuta kuwa kaya uku take gani. Idan mai kanti ya nemi jimillar abin da ya sayar, na'urar za ta tattara layukan da suka dace da abin da ya buga, ta bar sauran. Lissafi ya gurgunce ke nan, alhali ba wanda ya ɗauki ko dala.

Akwai kuma bambancin da ke tsakaninmu da Nijeriya: mu muna rubuta ƴ, su kuma 'y. Word yakan juya wannan ɗan waƙafi na sama ya mai da shi alamar buɗe zance, sai kalma ɗaya ta sami siffa uku a cikin takardun kamfani guda. Duka ƙa'idodin biyu daidai ne a inda ake bin su. Abin da ake buƙata shi ne kamfani ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kanta.

4. Lambobi

A bakin Bahaushen Nijar dala ɗaya sefa 5 ce, dala ɗari sefa 500, jika kuma sefa 1000. Sakataren da aka ce wa "dala ɗari" ya buga 100 F ya zubar da kashi huɗu cikin biyar na kuɗin. Haka nan Faransanci yana amfani da waƙafi wajen raba cikakkiyar lamba da ɓangarenta, Ingilishi kuwa da shi yake raba dubbai. Idan ɗan kasuwar Kano ya aiko da farashi 1,500, abokin cinikinsa na Maraɗi ya buga shi haka a Excel da aka saita da Faransanci, na'urar za ta karanta ɗaya da rabi. Maganin tsoho ne: a rubuta adadi da lamba, a maimaita shi da kalmomi, a faɗi ko sefa ce, ko dala, ko naira.

5. Hujjar masu kare wannan rubutu

Sukan ce mai karatu yana gane manufa daga abin da ke kewaye da kalma. Gaskiya ne a hira tsakanin abokai. Amma takardar bashi ba a ɗauko ta sai ranar da aka yi saɓani, ranar da kowane ɓangare ke neman ma'anar da ta yi masa daɗi.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma dole a karɓe ta. Gajeren saƙon waya yana ɗaukar haruffa 160 idan duka na tsarin GSM ne. Da zarar ƙ ɗaya ta shiga, sai ya koma 70, kuɗin aikawa ya ninka. Kamfanin da ke aika dubban saƙonni yana da dalilin zubar da ƙugiya. To amma wannan dalili ya tsaya ga gajeren saƙo. Bai shafi rasit ko talla ko WhatsApp ba. Ko a gajeren saƙon ma, marubucin da ya san harshe zai kauce wa kalma mai harshen damo, ya rubuta "an biya ta" inda "ya bata" zai rikitar.

6. Kammalawa

Masu buga takardu sun koyi kwamfuta ba su koyi ƙa'idar rubutu ba, ɗalibanmu kuma sukan san ƙa'idar amma su kasa fitar da ƙ a kan allo. Wannan giɓi na sashenmu ne, kuma a cikinsa akwai aikin yi ga wanda ya haɗa sanin biyu. Saboda haka kowane ɗalibi ya samo takardun ciniki biyar da aka buga da Hausa, ya shafe sunayen masu su, ya ware kurakuran gida uku: na harafi, na rabon kalma, da na lamba. Sannan ya sake buga su daidai, ya nuna wane kuskure ne zai iya kai mutane gaban alƙali.